Baba zai cika shekara 70, muna so mu kai shi Yankari da Gashaka: ya za mu tsara tafiyar?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni 'yar Jos ce, nan wajen Bauchi Road muke. Babanmu zai cika shekara 70 a watan Janairu, a takardunsa dai 1956 aka rubuta. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma tun muna yara yake ba mu labarin giwayen Yankari da ya taɓa gani sau ɗaya lokacin yana ɗalibi, bai sake komawa ba. Mu 'ya'yansa shida mun haɗa kuɗi muna so mu fita da shi, shi da Mama da jikoki, mu wajen goma sha huɗu ne. Yayana ya ce tunda an fito a yi da gaske, a je Yankari, a wuce Gashaka, in da hali ma a leƙa Kainji, duk cikin sati ɗaya. Amma Baba yana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Dan Allah ya kake ganin za mu tsara, kuma wane lokaci ya fi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi muku albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na yi shekaru ina kai mutane irin wannan yawon daga nan Jos, 'yan makaranta da ma'aikata da iyalai, toh bari in faɗa miki gaskiya tun daga farko ko da yayanki ba zai ji daɗi ba: taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Ku je Yankari kawai, ku kwana biyu, ku dawo gida.

Ki ɗauko taswira ki duba da idonki. Kainji tana can yamma tsakanin Neja da Kwara, kusa da iyakar Benin. Gashaka-Gumti tana can gabas a Taraba da Adamawa, jikin iyakar Kamaru. Kenan daga wannan gefen Najeriya zuwa wancan gefen ne fa, satin gaba ɗaya a cikin mota zai ƙare, Baba ba abun da zai tuna sai kujerar bas da ramukan hanya. Kuma Kainji ɗin, duk da ita ce ta fara zama gandun daji na ƙasa tun 1979, shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin, ni ba zan kai iyalina ba, don haka ba zan ce ki kai naki ba. Haka Kamuku da ke Birnin Gwari, ki cire ta a lissafi ko da wani ya kawo shawararta.

Gashaka kam wuri ne mai kyau wallahi, ita ce mafi girma a ƙasar nan, ta haura murabba'in kilomita 6,000, a cikinta dutsen Chappal Waddi yake wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419, akwai biri mai ganga, akwai koguna masu sanyi. Sai dai ita wurin masu ƙafa ce. Daga Jos ko dai ku bi ta Shendam ku ƙetare Binuwai a Ibi, ko ku zagaya ta Gombe da Numan zuwa Jalingo, sannan Bali sannan Serti inda ofishinsu yake, wuni guda cur kenan ko fiye, kuma in kun isa Serti ba ku isa ba, sauran shiga daji da mota mai ƙarfi da tafiyar ƙasa da ƙetare rafi. Biri mai gangan nan ba zuwa yake bakin hanya ya gaishe ku ba, bin sa ake yi. Mutum mai shekara 70 da ciwon gwiwa me zai je yi? Yayanki ya ajiye wannan ya tafi da abokansa wata rana.

Ni na taɓa yin wannan kuskuren shi ya sa nake magana da ƙarfi. Wasu 'yan'uwa suka matsa min in haɗa musu wuri uku cikin kwana biyar da mahaifiyarsu, na biye musu saboda ba na son a ce na cika tsoro. Rana ta uku tsohuwar nan ƙafafunta suka kumbura ko takalmi ba ya shiga, ta ƙi fitowa daga mota, ta ce ita dai a mayar da ita ɗakinta. Laifina ne ba nata ba. Tun daga ranar in aka ce min akwai dattijo a tafiya, da jikinsa nake auna nisan, ba da zumuɗin yara ba.

Kuma abun da ma ya sa Yankari ta dace: sa'ar Baba ce. A 1956 aka keɓe dajin, shekarar da aka haife shi, aka buɗe wa jama'a a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991 ta zama gandun daji na ƙasa, sai a 2006 ta koma hannun jihar Bauchi, don haka yanzu ba ofishin gandun daji na Abuja za ku nema ba, hukumar Bauchi ce ke riƙe da ita. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Ki gaya wa Baba shi da dajin tare suke cika 70, malamin makaranta ne, zai ji daɗin wannan fiye da kek.

Maganar lokaci. Janairu ya yi daidai. Da damina ciyawa takan rufe ko'ina, ruwa na nan kowane lungu, dabbobi sun watsu, sai ku yi awa biyu kuna zagaye ba ku ga komai ba sai zabbin daji. Da rani kuwa ruwan yakan ƙafe, dole su gangaro kogin Gaji su sha, nan ake ganinsu. In ganin dabba kawai ake so, Maris da Afrilu sun fi, amma zafin wurin a lokacin ba na wasa ba ne, ku kuma mutanen Jos da kuka saba da rigar sanyi, ga mai ciwon suga, a'a. Janairu zuwa farkon Fabrairu akwai sauran hunturu, safiya da sanyi, rana ba ta yi tsanani ba. Abu ɗaya dai, ku guji satin Kirsimeti da sabuwar shekara, wurin cika yake maƙil, ɗaki wahala, ruwan ɗumi na Wikki da ake wanka a ciki kamar kasuwar Taminus. Ku bari a shiga sati na biyu, ku tafi Juma'a ku dawo Lahadi saboda yara 'yan makaranta. In ranar da ke takarda ta wuce ba komai, yawancin iyayenmu ma ranar da ke takardarsu wani akawu ne ya zaɓa musu.

Hanya kuwa kin san ta rabi. Daga Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne, ta Tilden Fulani da Nabordo da Zaranda, awa biyu in ba a tsaya ba. Daga Bauchi sai ku ɗau hanyar Gombe har Dindima, nan za ku saki babban titi ku yi dama zuwa Mainamaji inda babbar ƙofa take. Abun da mutane da yawa ba su sani ba, in an shiga ƙofa ba a iso ba, akwai sauran tafiyar wajen kilomita 40 a cikin dajin kafin sansanin Wikki inda masauki yake, kuma ba a gudu a nan don dabba na iya ƙetarawa. Duka-duka ki lissafa awa huɗu zuwa biyar da tsaye-tsaye. Ku bar Jos da ƙarfe bakwai na safe, ku tsaya Bauchi ku ci masa da miyar taushe ko da ƙuli, Baba ya miƙe ƙafa, ku cika tanki a nan don gaba kar ku dogara da samun mai. Maza in suna son Juma'a a Bauchi toh sai a ɗan jinkirta fita daga Jos, amma da an idar a kama hanya, ban yarda ku yi magariba a kan titi ba. An sha jin labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen dajin, saboda haka kwana biyu kafin tafiya ki kira masaukin, ki kuma kira wani da kika sani a Bauchi ki ji yanda gari yake, in aka ce a dakata a dakata. Tafiyar rana kawai, zuwa da dawowa.

Mota: bas ɗaya mai kujera 18 ta fi ƙananan motoci uku. Jikoki suna waƙa a baya, Baba na gaba kusa da direba inda zai miƙe gwiwa. Amma in da hali a ƙara ƙaramar mota guda ta bi ku, ba don kaya ba, don in wani abu ya taso da dare a iya fita da mutum ɗaya ba sai an tashi kowa ba. Babban asibiti mafi kusa da za ki natsu da shi yana cikin Bauchi ne, asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), kuma daga Wikki tafiya ce ta wajen awa biyu.

Wannan ya kawo ni kan suga. Sati biyu kafin tafiya Baba ya ga likitansa, a gaya masa za a yi doguwar tafiya. Magani a ɗauki ninki biyu a raba jaka biyu, ɗaya wajenki ɗaya wajen Mama. In allurar insulin yake yi a sa a ƙaramar kula, kar ta taɓa ƙanƙara kai tsaye kuma kar a bar ta a mota cikin rana. Na'urar gwajin suga da ɗan dabino ko alawa su kasance a aljihun wanda ke zaune kusa da shi, don abun da ya fi kama mutane a tafiya ba hawan suga ba ne, faɗuwarsa ce: an sha magani da asuba, an fita zagaye, karin kumallo ya makara, sai ki ga dattijo na gumi yana rawar hannu yana magana ba kan gado. Ya ci wani abu kafin ya hau motar zagaye, ko shayi da burodi ne. Takalmi kuma rufaffe, ba silifas ba, ƙaya ɗaya a ƙafar mai suga kin san inda take kaiwa.

Ɗaki ki kama tun da wuri, ki tambayi farashin ranar da bakinki don yana canzawa, ki tambayi awa nawa ake ba da wuta, ki roƙi a ba Baba da Mama ɗakin da ya fi kusa da wurin cin abinci wanda mota za ta iya zuwa har ƙofa. Ki riƙe tsabar kuɗi, kar ki ce sai tiransfa, netwok a daji ba abun dogaro ba ne. Lissafinku ya ƙunshi kuɗin shiga na kowane kai, ɗakuna, motar zagaye da ɗan rakiya, abinci, sai ɗan abun da za a miƙa wa ma'aikata na alheri. Ku zo da ruwan roba katan-katan, fitila mai caji, maganin sauro, da bargo don dare na sanyi.

Yanzu birai. Hajiya ki saurare ni da kyau a nan, don duk wanda ya je Yankari da labarinsu yake dawowa. Bika ne, wanda wasu ke cewa gwaggon biri, suna nan cikin sansanin garke-garke kamar su suka biya kuɗin ɗaki. Sun san leda, sun san kula, sun san yanda ake murɗa hannun ƙofa. Da idona na ga wata baiwar Allah ta fito daga mota da ledar burodi a hannu tana waya, wani ƙato ya taho a hankali kamar ba ruwansa, ya zo daf da ita ya fizge ledar, ya koma gefe ya zauna ya yage ta da haƙori yana ci yana kallonta, ita kuma tana ta salati wayar na kunne. Sun fi raina mata da yara. Don haka ƙofa a kulle da makulli ko kuna ciki, taga a rufe, gilashin mota a ɗage, kar yaro ya yi yawo da biskit a hannu, kuma kar wanda ya ba su abinci don a ɗau hoto. In ya ƙwace abu a bar masa, kar a bi shi, haƙoransa sun fi na kare. Gadu ma za ku gan su suna kiwo a tsakar sansanin sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba, su ba ruwansu da kowa in ba a matsa musu ba, jikoki za su sha kallo.

Zagayen daji a yi shi da sassafe ranar Asabar, in an samu hali a ƙara na yamma bayan la'asar. Da motar wurin ake shiga tare da ma'aikaci, ba a sauka sai inda ya ce. A sa wa Baba matashi a kujera don hanyar akwai girgiza, kuma a sa kaya masu haske da dogon hannu, ƙudan tsando na son baƙi da shuɗi, cizonsa kuma da zafi. Za ku iya ganin gwambaza, gwanki, mazo, ɓauna, kada, dorina a wajen kogi, ga tsuntsaye iri sama da 350, har burtu yana takunsa na ƙasaita.

Giwa fa? Nan ne nake so ki shirya zuciyar Baba tun a gida. Yankari har yanzu tana cikin wuraren da suka fi yawan giwaye a Najeriya, amma ba kamar zamanin da ya gani yana ɗalibi ba, farauta saboda haure ta rage su sosai, kiyasin da ake yi bai wuce 100 zuwa 150 ba a daji mai wannan faɗin. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta yi shekaru tana aiki da masu gadin dajin, har an sa wa wasu giwayen na'ura a wuya ana bin sawunsu, abun ya taimaka. Duk da haka ganinsu sa'a ce. Na je na gansu sun tare mana hanya har muka kashe mota muka jira, na kuma je sau da dama ban ga komai ba sai kashinsu da rassan da suka karya. Da kun isa ki tambayi ma'aikata inda aka gansu a kwanakin, su suka san dajinsu. Zaki kuwa kar ma ki yi wa yara alkawari, 'yan kaɗan ne suka rage kuma ba sa son mutane. Kar dai a ce wa Baba za mu kai ka ka ga giwa, a ce za mu kai ka Yankari.

Ruwan Wikki shi ne abun da ba ya ba da kunya. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, kina ganin farin yashi a ƙasa da yatsun ƙafarki, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da safen hunturu har tururi za ki ga yana tashi. Matsalar ita ce matakala, gangara ce mai tsawo kafin a kai bakin ruwan, sauka da sauƙi, hawowa ne aiki. Baba ya sauka sau ɗaya kawai, a hankali, jika ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, da sandarsa, a tafi masa da kujerar roba. Ko bai yi wanka ba ya zauna ya tsoma ƙafa, in dai ba ciwo a ƙafar. Wajen da ruwan ke fitowa yana da zurfi, ya kusa mita biyu, yara su tsaya can ƙasa inda bai kai ƙugu ba kuma babba na tsaye a kansu. Ku mata in kuna son ku shiga a natse ku je da sassafe kafin samari su farka, da doguwar riga mara nauyi. Wani ya tsaya gadin kaya, don birai har can suke bi.

Kogunan Marshall, ramukan nan 59 da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, matasa su je su gani su ɗauko hoto. Baba ya huta a ɗaki, ko a kai shi ɗan gidan tarihin da ke cikin sansanin, akwai fatu da ƙasusuwa da haure da kayan mafarautan da aka kama, tsohon malami zai fi awa a nan yana yi wa jikoki darasi.

Sai bikin kansa. Ban san Babanku ba amma na san dattawanmu, da yawa in aka ce bazde sai su ɓata rai su ce wannan ba al'adarmu ba ce. Ki tambayi Mama tukun. In ba ya so, ba sai an kunna kyandir ba, a ce walima ce ta godiya ga Allah. Asabar bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, a ci abinci tare, a yi addu'a, sannan a bar shi ya yi magana. Ki sa ɗaya daga cikin jikokin ya kunna rikoda a waya, a tambaye shi wace mota ta kawo su wancan karon, waye shugaban makarantarsu, me suka ci, giwa nawa ya ƙirga. Ɗinkin anko in kuna so ku yi, amma kar a sa Baba ya yi ta canza kaya saboda hoto.

Lahadi ku karya, ku fito da wuri. In jikin Baba da sauran ƙarfi ku tsaya a Bauchi ku ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, yana cikin gari, Baba na ɗan shekara goma aka kashe shi a Janairun 1966, shi ma kuma malamin makaranta ne kafin siyasa. In yara sun dage sai sun ga raƙumin dawa da jakin dawa, waɗannan ba a Yankari suke ba, suna Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su, amma wannan wata fitar ce daban, kar a cusa ta a ranar dawowa.

Wani abu da za ki iya yi tun yanzu: wata Asabar ki ɗauki Baba ki kai shi gidan namun daji na nan Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin gwamna Gomwalk, ku ɗan taka tare. Ki lura minti nawa yake yi kafin ya nemi wurin zama, ko yana iya hawa 'yar gangara ba tare da ya riƙe ki ba. Abun da kika gani ranar shi zai gaya miki ko za a sauka da shi Wikki ko a bar shi a sama a kawo masa ruwan a bokiti.